Madalla da Daren Landan

Hausawa sun ce dare mahutar bawa. Ashe rashin yawo ne ya sa suka faɗi haka, ba su zo Landan ba. A nan an waye. An lissafa an gano cewa barin bawa ya huta asara ce, sai aka kunna masa fitila aka ce ya ci gaba da aiki. Madalla da garin da ya gyara mana karin maganar kakanni.

A watan Disamba na sauka, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma. Kana idar da la'asar, kafin ka naɗe darduma magariba ta kawo kai. Wane gari ne zai tarbi baƙo da kyautar dare mai awa 16? Ɗan uwan da ya sauke ni ya kai ni Piccadilly Circus, inda allunan talla ke haska fuskar mutum da ja da shuɗi har ya manta launin fatarsa. Muka ratsa Leicester Square muka shiga lungunan Soho, kiɗa na fitowa ta kowace ƙofa, jama'a sun yi layi cikin sanyi suna jiran mai gadi ya ga damar buɗe musu igiya. Ya ɗauke ni hoto na tura gida. A daren kowa ya sa mini albarka.

Landan ba ta da rowa, ba ta bar ni ina kallo daga nesa ba. Kafin wata ya zagayo ta ba ni nawa kason na daren: bokiti, tsumma da safar hannu. Masu shagali suna fita ta ƙofar gaba, mu muna shiga ta baya. A nan na san irin karamcin mutanen garin nan, don ba sa tafiya sai sun bar mana tsaraba a bene da bayan gida da gindin kujeru. A Afrilun 2024 an tsayar da mafi ƙarancin lada a doka a kan fam 11.44 a awa, kuma kofi ɗaya na abin da suke sha a tsakiyar gari ya haura rabin haka. Wato kafin mutum ya yi tatul ya amayar, ya sha guminka na awa uku ko huɗu, sannan ya ba ka damar kwashewa. Ina aka taɓa ganin adalci irin wannan, kowa da rabonsa a kofi guda?

Ba mu kaɗai ba ne. Ofishin magajin gari ya ƙiyasta a 2018 cewa mutum miliyan 1.6 ne ke aikin dare a Landan. Cikinsu akwai yaran da ke tsuke a kan keke cikin ruwan sama da ƙaton akwati a baya, suna kai wa wani abincin da ya yi ƙiwar sauka ya saya. Akwai ɗaliban da doka ta yarje musu aikin awa 20 a mako, suka zaɓi na dare don su samu zuwa aji da safe su yi gyangyaɗi a gaban malami. Akwai kuma 'yan uwanmu masu kula da tsofaffi, waɗanda aka buɗe musu ƙofar biza a Fabrairun 2022 suka kwararo daga Najeriya da Indiya da Zimbabwe. A nan ma dole a jinjina wa hikimar masu mulki: a Maris ɗin 2024 suka hana sabbin masu wannan aiki zuwa da iyalansu. Daidai ne. Yaya mace za ta natsu ta juya tsohuwar wasu a gado da ƙarfe uku na dare, in ɗanta na kusa yana kuka? Gara ya yi kukansa a Zariya, ta ji shi ta waya lokacin hutu.

Sai maganar sufuri, wadda ake taƙama da ita. A watan Agustan 2016 jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa ya fara kwana yana aiki, aka yi shela cewa Landan ta zama garin awa 24. Har muƙami aka ƙirƙiro a shekarar na mai kula da harkokin dare. Shi kuwa jirgin nan ya san mutuncin mutane: daren Juma'a da na Asabar yake fitowa, lokacin da masu nishaɗi ke buƙatarsa. Mai shara na daren Talata ga bas nan mai harafin N a goshi. Na daɗe ina hawa N29, wadda ke tashi daga Trafalgar Square ta bi ta Camden ta nufi arewa. Makaranta ce. Wani na rera waƙa da ƙarfi, abokinsa ya kife a kafaɗarsa. Wata baiwar Allah sanye da rigar aiki ta jingina kai da gilashi, ta riƙe waya a hannu don kada barci ya wuce da ita tasharta. A can baya kuma wani dattijo ya rungume jakarsa, ba inda za shi. Bas ɗin ce ɗakinsa, in ta kai ƙarshen hanya ya sauka ya jira mai komawa.

Irinsa ma gari bai manta da su ba. An ƙirga mutum 11,993 da aka gani suna kwana a titunan Landan a shekarar 2023 zuwa 2024, ka ga ke nan ana sane da su ɗaya bayan ɗaya. Dokar da ta mai da kwanan titi laifi, wadda aka kafa a 1824, ta yi shekara 200 a littafi. An sa wa bencuna ƙarafa a tsakiya don kada wani ya miƙe ƙafa ya saba da lalaci. A 2014 har ƙusoshi aka dasa a ƙofar wani gida a Southwark, sai da jama'a suka yi ca sannan aka cire. Mu ma a gida ana kwana a ƙarƙashin gada, amma har yanzu ba mu ci gaba mun kai ga shuka ƙusa ba.

Babbar ni'imar daren nan ita ce babu mai damunka. Ka shekara kana hawa bas ɗaya da mutum, ba zai takura maka da ina gajiya ba. Ka koma ɗakinka da asuba ka tarar wanda kuke haya tare yana ɗaura takalmi, ku yi wa juna sannu a bakin ƙofa, shi ke nan zumuncin ranar ya cika. Ba mai shayi da zai tsare ka da hira, ba maƙwabcin da zai ƙwanƙwasa don bai gan ka a masallaci ba. In zazzaɓi ya kwantar da kai kwana uku, wanda zai fara neman ka shi ne mai jadawalin aiki.

Jiya da misalin ƙarfe biyar ina cikin bas, hannuna na warin maganin wanke bayan gida, saƙon ƙanena ya shigo. Ya sake turo mini hoton nan na Piccadilly, ina dariya, fitilu sun kewaye ni. Ya ce, "Yaya, kai kam ka more. Na yi magana da Baba, ya yarda a sayar da gonar bakin rafi. Yaushe za ka fara mini takardu?" Na karanta har sau uku. Bas ta tsaya, dattijon nan na baya ya gyara rungumar jakarsa.