Masu Haɗa Kwamfutar Gem Iri-Iri Ne

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon kayan kwamfuta, ko a titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ya san masu haɗa kwamfutar gem da hannunsu ba sa ɓuya. Kayan kansu ba su taka kara sun karya ba: furosesa, bod ɗin da ake dasa komai a kansa, RAM, katin hoto, ma'ajiyar SSD, akwatin wuta, fankoki, sai gidan da za a zuba su. Halayen masu saye ne suka fi kayan yawa.

Wanda ya fi kowa daɗewa a harkar, kodayake bai taɓa sayen ko noti ba, shi ne Malam Bari-ya-fito. A 2020, da Nvidia ta fitar da RTX 3080 a kan dala 699, ya rantse zai saya, sai masu haƙar kuɗin kirifto suka wawashe katunan, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Ya ce a jira. A Satumbar 2022 Ethereum ta daina aiki da haƙa, katuna suka sauko, shi kuma ya ce wauta ce mutum ya sayi tsoho alhali sabo na bakin ƙofa. Sabon ya iso a Oktoba, RTX 4090, dala 1,599, ya ce bari ya huce. Yana cikin jiran hucewa aka saki naira a Yunin 2023, dalar da gwamnati ke bayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024. Har gobe yana da jerin kayan da zai saya a cikin wayarsa, yana gyara shi duk wata. A wayar dai yake buga gem ɗinsa.

Kishiyarsa shi ne wanda ya juye duk abin da ya tara a kan katin hoto, sannan ya juyo ya ce wa mai shago, "Oga, wane akwatin wuta ne ya fi araha?" RTX 4090 shi kaɗai yana jan wat 450, kamfanin da ya yi shi ma ya ce a nemo masa akwatin wuta mai wat 850. Mutuminmu sai ya ɗauko wani marar suna, an manna masa takarda an rubuta 1000, da ka ɗaga shi ka ji sakayau. Ya sayi ingarman doki ke nan ya ɗaure shi da zaren ɗinki. A ƙasar da wuta ba ta rawa ma ganganci ne, balle a nan, inda ake ɗaukewa a dawo da ita da ƙarfi, ko a juya layi zuwa janareta ana tsakiyar wasa. UPS kuwa a wurinsa almubazzaranci ne. Matsalar akwatin wuta na banza ita ce wani lokaci ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya ja bod ko katin sun raka shi. Washegari za a ga mutumin a shago yana cewa an sayar masa da jabu.

Ɗan ƙwalisa ba ya tambayar gudu, launi yake tambaya. Fanka tara masu fitila, gefen gilashi, RAM mai canza kala. Da dare maƙwabta kan ɗauka biki ake a ɗakinsa. Ko hoto ɗaya fitilun ba su ƙara wa gem ba, ya kuma sani.

Akwai kuma malamin lissafi, wanda ya haɗa na'ura mai kyau amma bai taɓa kai gem ɗaya ƙarshe ba. Aikinsa manhajojin gwajin gudu, Cinebench da 3DMark. Idan ya buɗe Cyberpunk 2077, inda jama'a suka fi cunkoso a birnin yake zuwa ya tsaya, idonsa na kusurwar allo, yana ƙirga hotuna nawa ke wucewa a daƙiƙa. Abin da ke hana shi barci shi ne zafi. Ya ga wani Bature a YouTube katinsa na nuna digiri 65, nasa na nuna 80, ya manta Baturen na zaune a ɗaki mai sanyi ne, shi kuwa watan Afrilu ne a Kano, inuwa ma ta kai digiri 40. Sai ya kwance fanka, ya goge man sanyaya furosesa, ya ɗiga sabo, ya shiga musu da abokai kan ko ɗigo ɗaya a tsakiya ya fi ko a zana gicciye.

Mai gaggawa ne ya fi ban tausayi, domin kayansa duk masu kyau ne. Littafin bod yana nan a leda ba a buɗe ba. Ya ɗora fankar furosesa bai ɓare ledar da ke manne a gindinta ba, wadda aka rubuta wa gargaɗi ƙuru-ƙuru. Sandunan RAM biyu ya jera su kafaɗa da kafaɗa, alhali yawancin bod masu rami huɗu na biyu da na huɗu suke so. Bai shiga BIOS ya kunna XMP ba, don haka RAM ɗin da ya biya kuɗin gudun 3200 yana tafiya a 2133. Babbar matsalar ita ce wayar allo: maimakon ya soka ta a jikin katin da ya sayar da babur ya saya, sai ya soka a jikin bod, katin na ciki yana hutawa. Ko bayan an gyara masa wannan, allonsa mai nuna hoto 144 a daƙiƙa zai yi watanni a kan 60, saboda bai canza saiti a Windows ba, yana ta kiran mutane su zo su ga santsi.

Mai son ɗan kwatano shi labari ake sayar masa. "Yallaɓai, wannan katin wata tsohuwa ce a Jamus take duba saƙo da shi." Tsohuwar da alama ta yi shekara biyu tana haƙar Ethereum dare da rana, don ga fankar tana gurnani. A gaskiya da yawa daga irin katunan nan lafiyarsu ƙalau. Mai wayo yakan sa a kunna masa manhajar gwaji ta FurMark na rabin awa a shagon kafin ya zaro kuɗi, kuma fuskar mai shago a lokacin ta isa bayani.

Sai dattijon unguwa, mai GTX 1060 na 2016. Bod ɗinsa na AM4 ne, wanda AMD ta yi shekaru tana fitar masa da furosesa, don haka sabunta BIOS kawai ya yi ya dasa Ryzen 5 5600, bai sake kashe sisi ba. Duk ƙarshen hunturu yakan fito da na'urar tsakar gida, ya danne fankoki da yatsa kada su juya, ya hura mata bulawa, ƙura ta tashi yara su watse. Gem ɗin ƙwallo yana tafiya, GTA V yana tafiya. A 2025 ne aka fara ƙure shi, da Doom: The Dark Ages ya fito ya ƙi buɗewa sam a kan katin da ba ya lissafin haske irin na RTX. Ya kalli saƙon da ke allo, ya ce dama ya ji an ce gem ɗin ba daɗi, ya koma ya ɗauki Real Madrid.