Ku Kwantar da Shi ta Dama

Na daɗe ina tunanin abin da ya fi kashe babura a ƙasar Hausa, kuma shekaranjiya da hantsi na yanke hukunci: shawarar 'yan kallo ce. Yashi yana ɓarna, ramuka suna ɓarna, man 'yan bumburutu ma yana tasa, amma duk a bayan shawara suke. Kada kowa ya tambaye ni abin da ya faru shekaranjiya. Babu abin da ya faru. Hujja na zo kafawa, kuma mutumin da zan riƙa misali da shi ƙirƙirarsa na yi don magana ta fito fili. Ba shi da suna, ba shi da unguwa. Abin da kawai za mu ba shi shi ne Boxer mai shekara uku, da gayyatar ɗaurin aure a wani ƙauye ƙarfe goma sha ɗaya, da sabuwar shadda ruwan toka wadda ta sha bugu, wadda har yanzu tela yana bin cikon kuɗin ɗinkinta.

Mu fara wanke shi daga zargin rashin iya zaɓe. Wanda rabin tafiyarsa a kwalta take, rabi a burji da yashi, in ya sayi Boxer bai yi wauta ba. Kamfanin Bajaj na Indiya ke ƙera shi, injinsa kimanin cc 100 ne, ba ya cin mai da yawa, tayoyinsa masu inci 17 suna haye ramin da ƙaramar tayar sikuta za ta faɗa ciki ta tsaya tana tunani. Kayan gyara kuwa, ko a kasuwar ƙauye mai ci mako-mako ba ka rasa fulogi da sarƙa da tayar ciki. Sai dai falalar ita ce musibar. Babur ɗin da kowa ya sani, kowa bakanikensa ne. Tun da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, mutanen da suka yi shekaru a kan mashin suka watsu cikin wasu sana'o'in, ilimin yana nan a cikinsu yana tsatsa, jira kawai yake wani ya mace a gabansu.

Ga yadda abin yake faruwa. A ƙarƙashin tanki, ta hagu, akwai wani ɗan makulli da bai fi ɗan yatsa ba, shi ke buɗe wa mai hanya zuwa kafireto. Wuri uku yake tsayawa: buɗe, rufe, da rizab. A da ba kowa ke kula shi ba. Amma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, duk ɗigon da ya zuba a ƙasa cikin dare sai an ji shi a aljihu, kafireton da ya kwana biyu kuma ba ya rasa ɗan yoyo, don haka mai hankali yakan rufe makullin kafin ya kwanta. A lura da kyau, tattali ne ya sa mutuminmu ya rufe. Da makullin nan yana da amana, da safe sai babur ya ƙi tashi tun a zaure, mutum ya duba a asirce ya buɗe, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ina! A gindin kafireto akwai ɗan kwano da ke riƙe man da bai kai rabin kofin shayi ba. Da wannan guntun babur zai tashi bugu ɗaya, ya yi ƙara mai daɗi, ya fitar da kai daga gida, ya bar ka ka ɗaga wa maƙwabta hannu, ya kai ka bakin titi. Duk wanda ya san garuruwanmu kuwa ya san abin da ke bakin titi: teburin mai shayi, benci biyu, da mutanen da ba su da wurin zuwa sai azahar. Injiniyan da ya auna girman kwanon nan bai taɓa taka unguwarmu ba, unguwar mutumin nake nufi, amma ya auna nisan daidai wa daida.

Mashin ya yi tari biyu ya yi shiru. Mutumin ya sauke ƙafa kamar dama ya yi niyyar tsayawa, har da sallama. Bugu na farko da na biyu nasa ne, ba mai tanka masa. A na biyar hira ta tsaya. A na takwas wani ya ajiye kofi, daga nan babur ya bar hannun mai shi ya zama na al'umma. Na farko ya ce, "Malam, fulogi ne." Kullum fulogi ne. Ban kira wannan jahilci ba, tsohon ilimi ne da zamani ya wuce. Jincheng ɗin da ya cika titunanmu kafin Boxer, samfurin AX100 da aka gado daga Suzuki, injinsa yana ƙona baƙin mai tare da fetur. Shi ya sa yake hayaƙi, shi ya sa kuma fuloginsa yake yawan toshewa da baƙi, har ɗan acaɓa ba ya fita sai da sifana da fulogin ajiya. A kan Jincheng, wanda ya ce fulogi ne sau da yawa yakan dace. Shi kuwa Boxer baƙin mansa daban yake zaune a ƙasan inji, fulogi yakan yi wata da watanni bai ce uffan ba. Amma wa zai tsaya jin bayani? An riga an aiki yaro wurin mai faci ya aro sifana. An kwance, an hura, an kankare da reza, an ɗora a jikin inji an ce mutumin ya riƙe, wani ya buga. Wuta kam akwai. Mutumin da kansa ya shaida, tun daga ɗan yatsa har gwiwar hannu.

Sai ƙofa ta buɗe. Wani ya jijjiga babur, ya kara kunne a tanki, ya ce akwai mai. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar nan ita ta ɓatar da kowa, don daga lokacin ba wanda ya sake tunanin mai. Wani ya sunsuna ya ce an gauraya da kalanzir, ya tambayi inda aka sha, ya girgiza kai tun kafin a ba shi amsa. Mai shayi, wanda bai fasa fifita wutarsa ba, ya ce zafi ya ɗauka, a bar shi ya huce, injin da bai yi minti biyu yana aiki ba, wanda in ka ɗora masa hannu sanyin asuba za ka ji. Samari uku suka tura shi a giya biyu har ƙofar masallaci suka dawo da shi, mutumin yana kai, babbar riga tana kaɗawa, kamar angon da ake zagaya gari da shi. Duk waɗannan 'yan share fage ne. Wanda nake so a ba shi haƙƙinsa shi ne dattijon da ke ƙarshen benci, mai carbi, wanda bai ce ƙala ba sai da kowa ya gaji. Ya yi gyaran murya ya ce, "Yaro, ku kwantar da shi ta dama." Aka ce, "Baba, a kwantar?" Ya ce, "A kwantar. Ku ƙirga goma, ku tashe shi." Shi ma fa yana da madogara. Masu Vespa na da, malaman makaranta da akawuna, haka suke yi in ta ƙi tashi: a karkata ta wajen inji mai ya gangara, a miƙe a buga. Dattijon ya adana wannan sirri tun lokacin da Vespa ta ɓace daga titi, yana neman inda zai kashe shi, kuma babu ɗan halak ɗin da zai musa wa mai furfura a bainar jama'a. Aka kwantar da Boxer a ƙasa kamar ragon suna, mutum shida suka zagaye shi suna ƙirgawa da ƙarfi. Fetur ya tsiyayo ta murfin tanki ya samu shadda ruwan toka. Aka tayar, aka buga, shiru. Dattijo ya ja carbi ya ce, "Kun yi saurin ƙirgawa." Aka sake kwantarwa.

Na san abin da za a ce. Za a ce wannan butulci ne, mutane sun bar shayinsu yana hucewa don su taimaka, kuma hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Niyya dai ban zarge ta ba. Wanda ya maƙale a yashin rafi da rani, babu gida gaba babu gida baya, in masu wucewa suka sauke kayansu suka ciccibe masa babur, sun yi masa abin da kuɗi ba ya saya. Ɗagawa da turawa aikin taro ne. Gano cuta kuwa aikin mutum ɗaya ne mai bin tsari: inji mai yake so, da wuta, da iska, kuma daga mai sauƙi ake farawa. Majalisa daga mai wuya take farawa, domin ba a taɓa yaba wa kowa don ya ce a duba makulli ba. Ga kuma lissafin asara. Kan inji na alminiyom ne, ƙarfe mai laushi, fulogin da aka ɗaura a karkace cikin gaggawa yana cinye haƙoran raminsa, gyaran kuma ba na bakin titi ba ne. Kafireton da aka buɗe a ƙasa cikin ƙurar hunturu da yashi ake mayar da shi. Ɗan sukurun da ke daidaita mai da iska, wanda kowa sai ya murɗa shi rabin zagaye don a san ya sa hannu, shi zai sa babur ya yi wata guda yana shan mai kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma. Mashin da ya iso majalisa lafiyarsa ƙalau, makulli kawai a rufe, da cuta uku ta gaske yake barinta, sannan masu shawara su ce ai dama sun faɗa.

Za a kuma ce to ya sayi na zamani mana, irin wanda ba shi da makullin hannu, kwamfuta ke auna masa mai. Akwai su. Sai dai ranar da irin wannan ya tsaya maka a ƙauyen da ya yi nisa da kwalta, bakaniken wurin zai zagaya shi sau biyu ya ce Allah ya sawwaƙe, majalisa kuma ba za ta fasa shawara don ba ta san injin ba. Za dai a kwantar da shi ta dama.

Saura ƙorafin da ya fi zafi: shi mutumin me ya hana shi dubawa? Amsa ita ce tsayi. Wata yarinya mai tallan gyaɗa, ba ta fi shekara takwas ba, ta daɗe tsaye tana kallo, faranti a ka. Ta matso ta ce, "Kawu, ba a buɗe wannan ba," ta sa yatsa biyu ta murɗa, ƙas. Ko farantin ba ta sauke ba. Wannan shi ya fi ci mini, ya fi ci wa mutumin rai. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma ba a faɗa mana hukuncin abin da ke ƙarƙashin tanki ba. Makullin daidai idonta yake. Manya goma sha ɗaya sun yi minti arba'in suna kallon babur daga sama, tanki ya kare musu. Wannan uzuri ne mai ƙarfi, da ba don abu ɗaya ba: sau biyu aka kwantar da mashin ta dama, makullin kuwa a hagu yake, wato sau biyu yana sama tsirara yana kallon mutum shida suna ƙirga goma. Wurin ya yi tsit, har ana jin tafasar butar shayi. A nan ne mutumin ya yi addu'ar da bai taɓa zaton zai yi ba a rayuwarsa, Allah ya sa kada ya tashi. Ya ƙi tashi ko da sau uku ne, a ce dai akwai wata matsalar. Ya gyara hula. Ya duba madubi. Ya ɗora ƙafa a hankali, ya danna da rabin zuciya, irin dannawar da ko ƙwai ba za ta fasa ba. Babur ya tashi. Bai yi ko tari ba, munafukin. Kuma in mutumin ya rufe ido, ko yanzu, abin a jere yake dawowa: yatsa biyu, ƙas, farantin da ko gyaɗa ɗaya ba ta faɗo ba, da "Kawu" ɗin nan da aka faɗa cikin ladabi, wanda da zagi ne da ya fi sauƙin haɗiya.

Mai fulogi ya ce kankarewar ce ta taimaka. Mai shayi ya ce ai ya huce ke nan. Yarinyar ta ce, "Kawu, ba za ka sayi gyaɗa ba?" Mutumin ya miƙa mata ɗari biyar bai jira canji ba, yana warin fetur, ɗaurin aure kuwa sai dai ya ji labari. Yana sa giya dattijon ya ɗaga carbi, ya ɗaga murya yadda za ta fi ƙarar inji:

"Yaro, gobe in ya sake yi maka, ka ƙirga ashirin."