Kowa Ya Koma Bayan Mota

A shekarar 1954, a gasar tseren motoci ta Mille Miglia da ake yi a kan titunan Italiya, wani Bajamushe mai suna Hans Herrmann ya shawo kwana a guje, ya tarar an sauke sandar tare hanya a mahaɗar jirgin ƙasa, ga jirgi kuma ya taho. Lokacin taka birki ya riga ya wuce. Sai ya ƙwanƙwasa wa abokin tafiyarsa hular kwano, su biyun suka sunkuya, motar ta sulale ta ƙarƙashin sandar. Sunan motar Porsche 550 Spyder. Kujeru biyu gare ta, ba rufi, jikinta na alminiyam, tsayinta daga ƙasa da kyar ya kai mita ɗaya. Guda 90 kacal aka ƙera. A 2016 an yi gwanjon ɗaya a Amurka kan dala miliyan 5 da ɗoriya.

Wani in ya karanta wannan sai ya ce ikon Allah, ya tashi ya yi alwala. Ni kuwa na ci gaba da karatu har na kai inda aka ce Porsche da Volkswagen Bitil 'yan gida ɗaya ne. Ferdinand Porsche ne ya tsara Bitil, kuma motar farko da ta ɗauki sunan gidansu a 1948 da kayan Bitil aka haɗa ta. Turawan da aljihunsu bai kai ba, tsohuwar Bitil suke nema su kwashe kayan cikinta su ɗinka musu sabuwar riga. To, Bitil ai tamu ce. A 1975 aka fara harhaɗa ta a Legas, malaman makaranta da akawuna suka yi ta hawa. Ni kuma a Kaduna nake, garin da ke da Panteka, inda in ka kai hoton abu, kafin ka gama bayani an fara yanka ƙarfe. Ga kuɗin sallamata na ritaya sun shigo a makon. Wane ne zai ga abubuwa sun jeru haka ya ce ba ishara ba ce?

Na sami Bitil ɗin a bayan wani gida, a kan duwatsu, magada sun rasa yadda za su raba ta. Da aka jawo ta ƙofar gidana uwargida ta leƙo, ta dube ta sama da ƙasa.

"Malam, motar ce wannan ko gawarta?"

Na ce kayan aiki ne. Ta ce to ina za a riƙa shanya? Na ce abu ne na ɗan lokaci. Masu jiran su ji na ƙera mota a tsakar gida ta ƙi fita ta ƙofa, su yi haƙuri. Na auna get tun kafin in sayi noti ko ɗaya. Ni ba irin waɗancan ba ne.

Kyawun Bitil shi ne ba ta da rowa. Ka kwance notocin gefe, sai jikin ya ɗago ɗungurungum ya bar maka ƙasan. Muka ajiye jikin a lungun bayan gida, kafin magariba kaji sun tare. Ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun gaba, bol huɗu ne suka ɗaure shi. Injin ma huɗu ne suka haɗa shi da giyabos. Silinda huɗu ne a kwance, biyu dama biyu hagu, babu lagireto balle a yi maganar ruwa, fanka ce ke yi masa fifita. Na ɗauko mai walda, wanda sana'arsa ƙera ƙofofi ce da tagogi, da wani matashin bakanike da yaronsa. Muka zana shasi da alli a kan siminti, mai walda ya bi zanen da bututun ƙarfe. Aikinsa ya dogara da wuta, wutar kuma ta fi son zuwa ƙarfe biyun dare, saboda haka maƙwabta suka san da maganar motar tun kafin in sanar da su.

Yanzu ga inda ilimin yake, a saurara. A Bitil injin yana can wutsiya, bayan ƙafafun baya, giyabos yana gabansa. A 550 kuwa injin yana tsakiya, daidai bayan direba, giyabos ne a wutsiya, don nauyi ya zauna a tsakiyar mota ta iya shan kwana. Saboda haka muka ɗaga inji da giyabos tare, muka juya su, gaba ya koma baya. Suka zauna daram. Bakanike ya ce, "Oga, wallahi kamar don nan aka yi su." Sai dai bakin da sandar giya ke shiga ya koma yana kallon unguwar baya, dole aka lanƙwasa dogon rodi ya zagaye injin ya je ya same shi. In ka taɓa sandar giya a gaba, sai ka ɗan jira saƙon ya isa.

Jikin motar shi ya ci kuɗi, ya ci rai. Kafinta ya yi ƙwarangwal na katako bisa hoton da na buga, mai gyaran bodi ya shimfiɗa fallayen alminiyam daga Panteka yana bugu da guduma, safe da yamma, har uwargida ta fara daka yaji bisa kiɗansa. Da ya gama na tsaya a gaba na duba, kumatun hagu ya fi na dama cika. Na nuna masa. Ya zagaya dama ya duba, ya zagaya hagu ya duba, ya ce, "Alhaji, wa zai ga gefe biyu a lokaci ɗaya?" Na yi ta neman amsa ban samu ba, har yau. Fitilun Bitil muka mayar. Gilashin gaba, robar gaban babur ce. Kujeru kuwa fararen kujerun roba ne na taron biki, muka yanke ƙafafun, mai kushin ya lulluɓe su da jar leda. Na sa aka yi mata fenti ruwan azurfa, launin motocin tseren Jamus. Yaran unguwa, da ba su san tarihi ba, suka sa mata suna Tukunyar Biki.

Ana cikin haka ƙanin uwargida, mai waya a hannu kullum, ya tono cewa wani ɗan wasan fim na Amurka, James Dean, a irin wannan mota ya yi hatsari ya mutu a 1955. Bai kawo mini ba, sai ya kai wa yayarsa. Daren nan tuwo ya zo da wa'azi. Na ce mata tasa tana da ƙarfin doki 110, tawa ko rabin haka ba ta kai ba, kuma dawakin nawa tsofaffi ne. Ta ce ajali ba ya ƙirga doki.

Ranar da injin ya tashi motar tana kan jak, ƙafafun baya a sama. Ya yi tari, ya yi atishawa, sannan ya kama wannan ƙara ta Bitil da duk wanda ya girma a shekarun 1980 zai gane ko yana barci. Bakanike ya sa giya, tayoyi suka juya, muka yi kabbara. Yaron bakanike ya tsuguna yana kallo, ya ce, "Oga, kamar baya suke yi." Ogansa ya ɗora masa ranƙwashi, ya ce ido ne ke yaudara in taya na gudu, bai taɓa kallon fanka ba? Ni ma na goyi bayan oga, domin akwai wannan a kimiyya.

Na sa ranar Asabar bayan la'asar don gwaji, a filin ƙwallon unguwa. Turawa muka yi har can, don kada jama'a su ga tafiyarta kafin lokaci. An jera benci, mai unguwa ya zo da babbar riga, liman ya zo, uwargida duk da adawarta ta cika babbar kula da zoɓo mai ƙanƙara. Ni mutum ne mai kiyaye lafiyar jama'a. Na tashi na yi jawabi, na ce wannan motar tsere ce, ba a san irin zaburar da za ta yi ba, saboda haka kada in ga kowa a gabanta. Kowa ya koma bayan mota. Da hannuna na taya su jan bencin, na daidaita kular zoɓo a tsakiya, na zaunar da mai unguwa a inda zai fi gani.

Na shiga, ko in ce na kwanta, domin zaman motar kusan a ƙasa yake. Na gyara hula, na yi bisimilla, na taka kuloci, na sa giya ta ɗaya, na ba ta wuta sosai saboda baƙi, na saki.

Filin da ke gabana ya fara nisa.

Abin da ya biyo baya a kunne na ji shi, don motar ba ta da madubi tukuna. Salati, ƙarar benci, sannan wani "fush" mai ƙarfi. Na taka birki, kuma a rubuta wannan, birkin ya kama. Da na waiwaya, kular zoɓo ta fashe a ƙarƙashin wutsiyar motar, ja ya malale ko'ina, ya fantsama a fararen riguna. Mata suka ga ja suka ɗora hannu a ka. Aka shiga laluben wanda aka taka, kowa yana shafa jikinsa. Ba wanda ya ko ƙwarzane. Mai unguwa, mutumin da aka sani da ciwon gwiwa shekara da shekaru, an same shi a bayan ragar gola, takalminsa ɗaya yana wurin benci.

Bakanike ya rugo. "Oga, ribas ka sa! Rodin nan ne ya rikita ka." Aka kwashe jama'a zuwa gefe, wannan karon ba sai na yi jawabi ba. Na sa ta biyu. Ta yi baya, da sauri fiye da ɗazu. Na sa ta uku, ta yi baya har iska na kaɗa mini hula ta ƙeya. Ta huɗu ban gama sakin kuloci ba na hango katangar makaranta ta kafaɗata, na haƙura. Wani dattijo a gefe ya ce wannan shi ne ci gaban mai haƙan rijiya. Daga ƙarshe na danna sandar ƙasa na ja ta inda ribas ɗin Bitil yake. Motar ta yi kuka siriri, ta taka gaba a hankali. A haka na koma gida, injin yana ihu, yara suna wuce ni a ƙafa suna dawowa su sake wuce ni. Yaron bakanike yana tafe a gefena, bai ce komai ba, sai shafa inda aka ranƙwashe shi yake yi.

Aka kwatanta mini wani tsohon bakanike da ya yi zamanin Bitil. Ya zo da sandarsa, ya leƙa, ya yi dariya har sai da aka ba shi kujera.

"Ɗana, wa ya juya muku inji?"

Na ce ni ne, Baba, haka Jamusawa suka yi.

"Sun yi. Amma da suka juya, sun buɗe ciki."

Ya ce injin gefe ɗaya ya san juyawa, bai san an sauya masa alƙibla ba. Abin da ke tura Bitil gaba, in ka juya shi, baya zai tura. A cikin giyabos akwai babban faifai mai haƙora da ke miƙa juyi ga ƙafafu. Sai an zare aksul biyun, an buɗe murafen gefe, an ciro faifan an mayar da shi ɗaya ɓangaren, sannan a daidaita tazarar haƙoran don kada su ci juna. Ya ce kamfanin da kansa haka ya yi wa tsofaffin bas ɗinsa, shi ya sa gidan giyar ke karɓar faifan ta kowane gefe. Ya yi aikin a kan tabarma, yaron nan yana miƙa masa sifana, bakanikena yana tsaye daga nesa yana duba wayarsa.

Na tambayi kuɗin aiki. Ya ce ba ya so, in dai zan bar masa wancan tsohon jikin da kaji ke ciki. Na yi dariya a raina, na ce ya kwashe har da ƙwan.

Motata yanzu gaba take yi, giya huɗu cif. Ba ta haye tudun rage gudu sai na sauka an ɗaga mata wutsiya, kuma wani jami'i a hanya ya taɓa riƙe takardunta, ya karanta Volkswagen, ya dube ta, ya ce ina sauran? Mai unguwa yana amsa gaisuwata, amma daga tsallaken titi.

Shi kuwa Baba ashe yana da ƙasan Bitil da inji a ajiye, jiki kawai ya rasa. Cikin watan Agusta ruwa ya tare ni a hanyar Kawo, ina zaune a kujerar biki, ruwa ya kawo mini ƙugu, robar babur ba ta tare komai. Sai ga wata Bitil ta tsaya a gefena, tsaf da ita, da rufinta, waifa na aiki. Ya sauke gilashi kaɗan don kada ya jiƙe.

"Ɗana, in rage maka hanya? Sai dai ka zauna a baya, gaban na ɗauko wa uwargidanka kajinta."