Baƙin Biki a Kano: An Zo Gari, Ba a Ga Gari Ba

Bayan kowace Sallah, da kuma gab da azumi lokacin da ake rige-rigen kai amare ɗaki, otal-otal ɗin Nasarawa da gidajen dangi a cikin birnin Kano kan cika maƙil da baƙin biki. Wasu daga Abuja da Kaduna, wasu daga Maraɗi da Damagaram, wasu har daga zangon Kumasi. Katin gayyata yakan jero kwana uku ko huɗu, daga kamu da sa lalle zuwa ɗaurin aure, wuni, dina da kai amarya. Amma in aka tattara lokacin da ake bukatar baƙo da gaske, bai taka kara ya karya ba. Waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, an ambaci sadaki, an shafa fatiha, duka 'yan mintoci ne. Dinar da aka rubuta ƙarfe bakwai kuwa, ko ango bai yarda da wannan rubutun ba. Saboda haka ra'ayina shi ne, wanda ya yi tattaki zuwa biki a wani gari, garin ma yana da hakkin ziyara a kansa, kuma mafi yawan baƙi ba sa sauke wannan hakki.

Irin waɗannan baƙi kala-kala ne, na farkonsu shi ne Sarkin Ɗaki. Tun da ya sauka ya kwanta ƙarƙashin na'urar sanyi, ba ya fita sai in sallah ta kama, ita ma wani lokaci a kan dardumar otal. Hidimarsa biyu ce, kiran tela da kiran mai guga. Zai kwana uku a garin da Sarki Gijimasu ya fara zagaye shi da ganuwa tun ƙarni na 12, ya koma gida bai san ƙofa ko ɗaya ba sai ta ɗakinsa. In an tambaye shi labarin Kano, sai ya gyara zama ya ce akwai zafi. Ƙanwarsa a wannan hali ita ce Uwar Kwalliya, wadda tun hantsi take layin mai ɗaurin ɗankwali, ba ta iya juya wuya balle ta kalli titi, don kada ɗaurin ya goce kafin a ɗauki hoto.

Sai Mai Hoto, wanda shi yana fita, har ma ya fi kowa yawo. Zai je marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take aiki, ya tsaya bakin rijiyar rini ya ba ta baya, domin fuskarsa ake so ta fito. A bayansa ga dattijo a tsugune, hannunsa ya rine shuɗi har wuyan hannu, yana tsoma ƙyalle cikin ruwan baba da toka, yana ɗagowa iska ta buge shi, yana sake tsomawa har launin ya kama. Can gefe ana jin amon mabuga suna dukan yadi a kan gungume don ya yi sheƙi. Mai Hoto bai ga wannan ba, bai ji wancan ba, bai kuma sayi ko ƙyallen hannu ba. Kafin ya hau A Daidaita Sahu ya riga ya saka hoton a Facebook da rubutun cewa al'adunmu abin alfaharinmu ne.

Akwai kuma Gwaggo Mai Sautu, wadda tun kafin ta baro gida matan unguwa suka cika mata jaka da kuɗi da takardu. Wannan ta ce atamfa turmi biyu, waccan ta ce shadda, wata ta ce turaren wuta da humra. Gwaggo za ta wuni a Kantin Kwari tana taya kaya, ta ce “Alhaji, a rage mana, daga nesa muka zo,” shi kuma ya ce “Hajiya, albarka,” har la'asar. A gaskiya ta fi na baya, domin ta yi magana da mutanen gari kuma ta bar musu riba. Aibinta ɗaya, garin duka a wurinta farashi ne. Ko an kai ta Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Muhammadu Rumfa, tsakanin 1463 da 1499, za ta ratsa ta gaban masu sirdi da linzami da dukawa tana tambayar inda ake sayar da kuloli.

Wanda ya fi wahalar sha'ani shi ne Masanin Dole. Ba wanda ya naɗa shi jagora, amma da an shiga mota zai karɓi aikin. A bakin Dutsen Dala zai nuna maka inda Bayajidda ya kashe macijiya, alhali rijiyar Kusugu tana Daura, kuma Dala wurin Barbushe ne da Tsumburbura. A Gidan Ɗan Hausa zai ce wani attajirin Bahaushe ne ya gina shi don kishin yarensa, alhali Ɗan Hausa laƙabin Bature ne, Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. In ma'aikacin wurin ya gyara masa, sai ya ce ai masana sun yi saɓani. Abokin tafiyarsa shi ne Mai Kwatance, wanda sau ɗaya ya taɓa zuwa Dubai, amma tun daga ranar ba abin da ya sake cika masa ido. Shi kuwa Bawan Ciki ba ruwansa da gardama. Ya san inda ake bandashen gurasa mai ƙuli da yaji, ya san layin kilishi a Agadasawa, kuma zai iso dina a ƙoshe, amma hakan ba zai hana shi karɓar nasa ƙunshin ba.

Wani zai ce biki muka zo, ba yawon buɗe ido ba, kuma zumunci ya fi gini. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya bar ɗaurin aure ya tafi hawan dutse ya yi abin kunya. Sai dai ba lokacin biki ake nema ba, lokacin zaman jira ake nema, wanda a yanzu gulmar anko da lissafin wa ya yi liƙi nawa ke cinyewa. Kuma sanin garin surukai ai shi ma zumunci ne. Wani zai ce aljihu ya riga ya ji jiki da kuɗin mota da gudummawa. To hawan Dala da sanyin safiya, inda za ka hango Gwauron Dutse da hasumiyoyin babban masallacin Juma'a da rufin gidajen tsohon birni, bai kai kuɗin ɗinkin hula ba, haka ma shiga Gidan Makama, inda aka adana kayan tarihin Kano. Wani kuma zai ce baƙo bai san hanya ba, bai san inda ya kamata ya kiyaye ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi, amma a wuyan masu biki take. Gidan da ya iya naɗa kwamitin abinci da kwamitin rabon kalanda ba zai rasa saurayi ɗaya ɗan gari da zai zagaya da baƙi na sa'a biyu ba.

Don haka, ya kai mai karatu, in katin gayyata ya iso ka daga Kano, ko Katsina, ko Agadas, ka ware safiya ɗaya tun kafin ka haɗa jaka. Ka nemi ɗan gari ya raka ka, ka tambaya kafin ka ɗauki hoto, ka sayi wani abu a hannun mai sana'a, sannan ka dawo a kan lokaci a shafa fatiha da kai.