Motar Kai Yara Makaranta a Filin Tsere

A Ingila filayen tseren motoci irin su Brands Hatch da ke Kent, da Donington Park, da Cadwell Park, sukan ware ranaku su buɗe ƙofa ga gama-garin mutane. Ka biya kuɗi, ka zo da lasisi da hular kwano, ka saurari bayanin safe, sannan a sake ka ka taka totur son ranka. Ba gasa ba ce. An hana ɗaukar lokaci, babu kofi, kuma ba a wuce mutum sai a miƙaƙƙiyar hanya, shi ma da yardarsa. Da yawa daga motocin da ke zuwa ƙanana ne masu turbo, su Golf GTI da Focus ST da Mégane RS da Subaru WRX, waɗanda ranar Litinin za su kai yara makaranta su biya kasuwa. Mota ɗaya, aiki biyu, aljihu ɗaya. Yadda kowa ke raba wannan gardama shi ke tona halinsa.

Wanda za ka fara ji tun kafin ka gan shi, shi ne Sarkin Dawakai. Ba ya gaisuwa da suna, da lambar ƙarfin dokin motarsa yake yi. Abin da ya ɗaure masa gindi kuwa shi ne sauƙin ƙara wa mota mai turbo ƙarfi. Turbo 'yar fanka ce da hayaƙin inji ke juyawa, ita kuma ta cusa ƙarin iska a ciki, a ƙona ƙarin fetur. Da yake kwamfutar mota ce ke ƙayyade yawan iskar, ana iya sake mata karatu ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba. Golf GTI ƙirar 2013 ta fito da ƙarfin doki 220, amma da wannan sabon karatu, wanda suke kira mataki na ɗaya, takan doshi 300. Sarki ya biya, ya dawo gida yana jin ya gama da duniya.

Abin da ba a rubuta masa a rasit ba shi ne zafi. Iskar da aka matse zafi take yi, kuma idan na'urar sanyaya ta ta kamfani ta gaza, kwamfutar da kanta za ta janye dawakan da ya saya, don kada inji ya lalace. Kuloci ma ya fara santsi. Birki kuwa bai taɓa shi ba, tunda birki ba ya ƙara lamba. Man birki nau'in DOT 4 yana jure aƙalla digiri 230 idan sabo ne, amma yana zuƙar danshi, har juriyarsa ta iya sauka wajen 155. Da ya tafasa sai ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa salin-alin. A Brands Hatch kwanar farko, Paddock Hill Bend, gangare ce da ba ka ganin ƙarshenta sai ka shiga, a gefenta kuma an shimfiɗa tsakuwa domin irin su Sarki. Sai a ɗaga jar tuta, kowa ya koma rumfa yana zagi a zuci, janwe ya je ya kwaso shi. Zai sauko yana kakkaɓe wando yana cewa, "Amma kun ga yadda ta tashi kafin nan?"

Ƙaninsa shi ne Mai Salansa. Shi ba gudu ya dame shi ba, a ji shi. Ya sa wani bawul da ke atishawa duk lokacin da ya canja giya, ya sa salansa mai faɗin baki, maƙwabta sun haddace lokacin fitarsa aiki. Sai dai filayen nan ma suna da maƙwabta, kuma hukuma na sauraronsu. Da safe ana gwada ƙarar kowace mota, ma'auni rabin mita daga bakin salansa, iyakar kuma a wurare da dama desibel 105 ce, a wasu ma ƙasa da haka. Nan za ka ga mutumin da ya kashe albashin wata don motarsa ta yi ihu, ya durƙusa yana cusa mata soson ƙarfe a baki don ta yi shiru. Idan har ya cire matatar hayaƙi, to duk shekara sai ya mayar da ita kafin gwajin MOT, wanda ke kan kowace motar da ta kai shekara 3, ya sake cirewa washegari. Makanikensa na ƙaunarsa ƙwarai.

Akwai kuma Mai Rage Nauyi, almajirin Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus ya kuma yi suna wajen ƙera motoci marasa nauyi. Daren Juma'a ya kwance kujerar baya, ya fitar da safayar taya, ya naɗe dardumar ƙasa, har littafin mota ya ajiye a gida. Yana da sikeli a gareji, ya auna kowane abu. Abu ɗaya ne bai taɓa hawa sikelin ba, shi ne mai sikelin, wanda za ka tarar a kantin fili gaban faranti shaƙe da ƙwai da wake da soyayyen burodi. Ya kuma sauke motar ƙasa ya sa mata shokozoba masu tauri, har kowane tudun rage gudu na unguwa ya zama shawara. Surukarsa ta shiga sau ɗaya, tun daga nan bas take bi. Daren Lahadi kuma ga shi da tocila a baki yana neman notin kujerar yaro.

Ma'aji ba ya buƙatar dogon bayani. Kayan gyara ofis ake kai masa su, kuma kowane abu a bakinsa rabin kuɗi ya same shi. Babban tsoronsa a duniya kada wata rana uwargida ta sayar da kayan a farashin da ya faɗa mata.

Shi kuwa Malamin Rumfa ya san komai. Zai gaya maka ka rage iskar taya bayan ta yi zafi, gaskiya ne. Zai ce baƙin manka ya yi ruwa-ruwa, wataƙila ma gaskiya ne. Motarsa dai tana gareji tana jiran wani ƙarfe daga Japan, kuma tun bara take jira. Kusa da shi Mai Uzuri ke zama: da safe kwalta ta yi sanyi, da rana ta yi zafi, da yamma taya ta cinye.

Wanda ya taɓa zuwa Nürburgring a Jamus ba sai ka tambaye shi ba, taswirar filin na manne a bayan motarsa. Ba laifinsa ba ne gaba ɗaya. Zagayen arewa na wannan fili, wanda aka buɗe a 1927, kilomita 20.8 ne cikin daji da tuddai, kuma a ranakun baƙi kowa na iya sayen tikiti ya shiga da motar da doka ta yarda ta hau titi. Abin da ba ya cika sakawa a labarin shi ne cewa wanda ya daki shingen ƙarfe a can, shi zai biya kuɗin shingen.

Ni dai tausayina na wajen Mai Tsoron Litinin. Ya karanta takardar inshorarsa ya ga ba ruwanta da abin da ya faru a filin tsere, kuma ba shi da wata motar. Ya liƙe gaban mota da tef don gudun tsakuwa. Kunnensa na kan inji fiye da yadda idonsa ke kan hanya, ko kwalbar ruwa ce ta mirgina a ƙarƙashin kujera sai ya fita ya buɗe bonet. Ana yi masa dariya, amma shi ne bai taɓa komawa gida a gaban janwe ba.

Can ƙarshen layi akwai wani dattijo da mota mai kalar toka, ba fiffike ba sitika. Ya zuba sabon man birki, ya sa takalman birki masu jure zafi da tayoyi na kirki, ragowar kuɗin ya ba malamin tuƙi ya zauna gefensa. Kafin ya fito yakan yi zagaye ɗaya a hankali don birki da turbo su huce, idan ya tsaya kuma ba ya jan birkin hannu a kan faifai mai zafi. A miƙaƙƙiyar hanya Sarkin Dawakai ya ba shi rata, a kowace kwana sai ya gan shi cike da madubi, har jami'in fili ya gaji ya nuna wa Sarki shuɗiyar tuta, wato a ba na baya hanya.

Da aka fito Sarki ya taka har wurinsa.

"Baba, don Allah mataki na nawa ka yi mata?"

"Ban taɓa injin ba, yaro."

Sarki ya yi murmushin wanda ya gane ana ɓoye masa sirri, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ƙwanƙwasa salansa, sannan ya koma gefe ya kira gareji yana tambayar kuɗin mataki na biyu.