Sirrin da Majigi Ya Tona

Ranar Talatar nan da ta wuce, bayan sallar la'asar, ina karantar da ɗalibai wajen ashirin mas'alar sunayen muhalli, watau ƙananan bayanan nan da kwamfuta kan miƙa wa kowace manhaja yayin da za ta fara aiki, al'adar da aka gada tun daga Unix na 1979, sai son nuna gwaninta ya rinjaye ni. Maimakon in kira suna guda da os.getenv kamar yadda mai hankali zai yi, sai na rubuta layi biyu na Python, na umarci os.environ da ya zazzage duk abin da ke cikinsa, alhali kuwa majigi na haska komai a bango.

Ya kuwa zazzage, bai rage ko ɗaya ba. PATH ya fito da doguwar silsilarsa, HOME ya biyo, LANG ya biyo, sa'an nan a ƙarƙashinsu, da haruffa masu faɗin tafin hannu, ga kalmar sirrin rumbun bayanaina, wadda na binne a .bashrc tun watanni shida, na kuma manta da kabarinta: amarya_bayan_sallah.

A sahun gaba kuwa ƙanin uwargidana ne zaune, yaron da ni da kaina na biya masa kuɗin rajista.

Har yanzu idan na rufe ido ina ganin leɓunansa suna motsi, yana haɗa baƙi da wasali a natse kamar mai bitar allo, ni kuwa, da haruffa biyar na clear suka ishe ni in rufa wa kaina asiri, yatsuna suka ƙi, na buga sau uku, sau ukun nan kwamfuta na ba ni amsa cewa ba ta san wannan umarni ba.

Ana cikin haka sai Baba masinja, wanda ruwan sha kawai ya kawo, ya ajiye tire ya ba da fatawa. "Ranka ya daɗe, shiga gaban majigin ka tare da jikinka!" Na shiga, na manta farar babbar riga ce a jikina, wankakkiya, ta sha bugu, sai ga maganar ta baro bango ta kwanta a ƙirjina, ta ma fi fitowa sarai. Baba ya ja da baya, ya karkata kai ya yi nazari, ya ce, "Juya baya, Malam." Na juya. 'Yan sahun ƙarshe, waɗanda dā ba su gani da kyau ba, suka yi godiya. Baba ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce shi a saninsa baƙin yadi ne ke shanye rubutu, gobe in zo da shi.

Yaron nan ya ɗaga hannu da ladabi, ya ce, "Yaya, ƙaramar Sallah ko babba?"