Yadda baƙar fata ke samun kofin gahawa a Amurka

A shekarar 1961, idan baƙar fata yana son ya zauna a gidan abinci a bakin babbar hanya mai lamba 40 a Amurka ya sha gahawa, akwai abubuwa biyu da suka fi masa kuɗi amfani: babbar riga, da sunan ƙasar da zai ce daga can ya fito. Ba dole ba ne ƙasar ta kasance a taswira.

Hanyar ce 'yan diflomasiyya ke bi tsakanin hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York da birnin Washinton, tana ratsa jihohin Delaware da Maryland. A 1960 kaɗai ƙasashen Afirka 17 suka sami 'yancin kai, jakadu suka fara tururuwa, kuma jakada ma yana jin yunwa a hanya. Tun a watan Oktoban 1957 ministan kuɗin Gana, Komla Gbedemah, ya tsaya a wani gidan abinci na Howard Johnson's a garin Dover ya nemi ruwan lemo. An sayar masa, amma an ce a waje zai sha. Shugaba Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a fadar gwamnati don ba shi haƙuri. A watan Yunin 1961 kuma jakadan Chadi, Adam Malick Sow, yana kan hanyarsa ta miƙa wa Shugaba Kennedy takardun kama aiki, ya tsaya shan gahawa a Maryland aka hana shi. Matar da ta kore shi ta bayyana wa 'yan jarida uzurinta daga baya: ba ta san jakada ba ne, ta ɗauka baƙar fata ne irin na kullum.

Gwamnati ta ji kunya, domin lokacin ana takara da Tarayyar Sobiyet wajen neman zawarcin sababbin ƙasashen Afirka. Ma'aikatar harkokin waje ta tura jami'ai suna bi gidan abinci gidan abinci suna roƙon masu su. Wasu suka amince za su riƙa karɓar jakadu. To, sai tsarin ya zama haka: baƙar fatan da ya zo daga Chadi jiya zai zauna a kujera, wanda kakanninsa suka yi shekara ɗari biyu suna noman taba a Maryland zai tsaya a waje. Ma'aikatan jaridar baƙaƙen fata ta Afro-American da ke Baltimore suka gwada tsarin a watan Agusta na shekarar. Suka yi hayar zungureriyar mota, suka yi shiga irin ta manyan baƙi, ɗaya ya zama ministan kuɗi na wata ƙasa wai ita Goban. Gidajen abinci da dama suka shimfiɗa musu tebur. Babu ƙasar Goban a duniya, mutanen kuma 'yan gari ne, da sun shigo da kayansu na kullum da ƙofa aka nuna musu. Mai karatu zai yi dariya, ni ma na yi, amma dariyar ba ta daɗewa a baki idan aka tuna cewa uba da 'ya'yansa a mota ba su da rigar aro, kuma yaro ba ya gane dalilin da ya sa ba za a tsaya ya yi fitsari ba. Saboda irin wannan ne wani ma'aikacin gidan waya na unguwar Harlem, Victor Green, ya fara buga littafinsa mai koren bango a 1936, jerin wuraren da matafiyi baƙar fata zai iya ci ya kwana, aka yi ta buga shi har tsawon shekara talatin.

Dokar 'yancin ɗan ƙasa da Shugaba Johnson ya sa wa hannu ranar 2 ga Yuli, 1964, ita ta sauke allunan da ke cewa ba a karɓar baƙar fata. Masu gidajen abinci suka garzaya kotu. A Birmingham ta jihar Alabama akwai gidan gashi mai suna Ollie's Barbecue, kujera 220, kashi biyu cikin uku na ma'aikatansa baƙaƙen fata. Su ke gasawa, su ke kawowa, amma ɗan'uwansu sai dai a ƙunsa masa ya tafi da shi. Mai gidan ya ce shi ɗan kasuwar unguwa ne, babu ruwan gwamnatin tarayya da shi. Kotun ƙoli ta duba littafin cefanensa, ta ga kusan rabin abin da yake kashewa nama ne da asalinsa daga wasu jihohi aka shigo da shi, tsarin mulki kuwa ya ba majalisar tarayya iko a kan cinikin da ya ƙetare iyakar jiha. Da haka aka yanke hukunci. Ɗan adam ya sami izinin zama a kujera saboda naman da za a gasa masa ya yi tafiya. A Atlanta kuma, Lester Maddox ya gwammace ya rufe gidan soyayyar kazarsa da ya sayar wa baƙar fata. A 1967 ya zama gwamnan jihar Jojiya.

Da allon ya sauka sai abin ya koma agogo. Wannan ne wurin da mutane da yawa ke ɓata, don haka a tsaya a kansa. Ba wanda zai ce maka ba a sayar wa irinku. Za a ce ka zauna, ana zuwa. Ranar 1 ga Afrilu, 1993, jami'an tsaron shugaban ƙasa 21 suka shiga wani reshen gidan abinci na Denny's a garin Annapolis don karin kumallo kafin su je gadin Shugaba Clinton. Kayan sarki iri ɗaya, lokaci ɗaya suka shigo, ma'aikaciya ɗaya. Shida daga cikinsu, baƙaƙen fata, teburi ɗaya suka zauna. Abokan aikinsu suka ci, wasu har da ƙari, su shidan suna kallon teburin da babu komai kusan awa guda. A 1994 kamfanin ya amince ya biya sama da dala miliyan 54 don sasanta ƙararrakin dubban masu cin abinci baƙaƙen fata. Abin da ya sa aka iya tabbatar da wannan magana shi ne ƙaddara ta shirya gwaji da kanta: mutum 21 masu aiki ɗaya, bambancinsu fata kawai. Talakan da ya shiga shi kaɗai ba shi da abokan aiki goma sha biyar da za a auna jiransa da nasu. Zai fito yana tambayar kansa ko dai girkin ne ya yi jinkiri, ko dai shi ne mai saurin zargi. Wannan tambaya da yake kwana da ita tana cikin cutarwar.

Masu bincike sun koyi shirya gwajin da gangan. Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga kamfanoni a Boston da Chicago, suka wallafa sakamakon a 2004. Takardun iri ɗaya ne, suna kawai ake canzawa. Masu suna irin Emily da Greg sun fi masu suna irin Lakisha da Jamal samun kira da kashi 50 cikin ɗari. Wasu malaman jami'ar Harvard sun yi irin haka a dandalin neman masauki na Airbnb da saƙonni kusan 6,400 a birane biyar, masu sunan baƙaƙen fata suka kasa sauran samun masauki da kusan kashi 16 cikin ɗari. Babu mai gida ko ɗaya da ya kafa allo.

Sai ɗaya ɓangaren, masu cewa reshe ya juye da mujiya, wato yanzu farar fata ake wa wariya. Maganar ba ta ƙarya ba ce baki ɗaya, kuma wanda ya ce ƙarya ce bai karanta shari'un ba. Labarin kamfanin gahawa na Starbucks ya haɗa fuskokin biyu a tukunya ɗaya. Ranar 12 ga Afrilu, 2018, wasu samari biyu baƙaƙen fata suka shiga wani reshe a Filadelfiya suna jiran mutumin da za su yi maganar kasuwanci da shi. Ɗaya ya nemi shiga bayan gida aka ce sai wanda ya sayi wani abu. Cikin 'yan mintuna mai kula da shagon ta kira 'yan sanda, aka fita da su da ankwa, aka tsare su sa'o'i, aka sake su ba tuhuma. Kamfanin ya rufe shagunansa sama da 8,000 na yini guda da rana, ranar 29 ga Mayu, don a koya wa ma'aikata. Samarin suka sasanta da kamfanin a kan kuɗin da ba a bayyana ba, daga hukumar birnin kuma suka karɓi dala ɗaya-ɗaya da alkawarin za a ware dala 200,000 don horar da matasa sana'a. A cikin wannan guguwa kamfanin ya kori wata babbar manajar yanki, farar fata, wadda ba ta cikin shagon ranar. Ta kai ƙara ta ce fatarta aka kora don a nuna wa duniya an ɗauki mataki. A watan Yunin 2023 masu taya alƙali yanke hukunci suka yarda da ita, suka ce a biya ta dala miliyan 25.6. Idan haka aka yi mata, an zalunce ta, kuma hakkinta ne a biya ta. Kamfanin da ya wanke laifin wariya da wata wariyar bai koyi komai ba a yinin da ya rufe shago.

Dokar ma ba ta taɓa cewa ƙofa ɗaya take tsaro ba. Tun a 1976 kotun ƙoli ta duba ƙarar wasu ma'aikatan kamfanin sufuri biyu, fararen fata, da aka kora bisa zargin satar galan 60 na ruwan sanyaya inji, alhali an bar abokin aikinsu baƙar fata da ake zargi tare da su. Kotun ta ce doka ta kare su kamar yadda ta kare kowa. Wanda ya rubuta hukuncin shi ne Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a kotun, lauyan da ya ci shari'ar da ta rusa wariya a makarantu a 1954. A 1978 Allan Bakke ya ci nasara a kan makarantar likitanci ta jami'ar Kalifoniya da ke Davis, wadda ta keɓe gurbi 16 cikin 100. A 2023 kotun ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. A 2025 alƙalan duka tara suka ce ba za a ɗora wa mai ƙara nauyin hujja na musamman ba don kawai ya fito daga ɓangare mai rinjaye, kuma Ketanji Brown Jackson, mace baƙar fata ta farko a kotun, ita ta rubuta.

Inda nake rabuwa da masu maganar mujiya shi ne wajen awo. Suna ƙirga shari'un da aka ci su ce ga shi, yanzu farare ne ke shan wahala. Amma shari'a takarda take bi. Duk wani shiri na gyara, ko gurbin karatu ne ko tallafin jari, a rubuce yake, da tambari da sa hannu, an ma yi tallarsa a jarida. Asusun Fearless Fund na Atlanta ya kasance yana ba mata baƙaƙen fata masu sana'a tallafin dala 20,000, ya kuma faɗi haka ɓaro-ɓaro. Aka kai shi kotu da dokar 1866, wadda aka yi don bayin da aka 'yanta su iya ƙulla ciniki kamar kowa, kuma a 2024 ya rufe shirin. Lauyan da ya kai ƙarar bai sha wahalar neman hujja ba, tana shafin farko. Direban tasin da ya wuce baƙar fata ya tsaya wa na gabansa bai rubuta komai ba. Mai gidan hayar da ya ce an riga an kama ɗakin bai sa hannu a ko'ina ba. Ƙirga wariya da yawan hukunce-hukunce kamar ƙirga ɓarayin kasuwa ne da yawan waɗanda suka bar rasit. Wanda ya yi a fili da niyyar gyara shi ake kamawa, wanda ya yi a ɓoye da murmushi yana nan bakin aikinsa.

Akwai kuma abin da masu muhawarar ba su cika sani ba game da dokar 1964 kanta. Sashen da ya shafi hidimar jama'a ya ambaci masauki, gidan abinci, gidan mai da wuraren nishaɗi, amma bai ambaci kantin sayar da tufafi ko takalmi ba. Wanda ya ci shari'a a ƙarƙashinsa ba ya samun diyya, umarni kawai kotu ke ba mai wurin cewa ya daina. Mai neman diyya sai ya koma ga dokar 1866, ita kuma maganar ƙulla ciniki take yi, don haka kotuna da yawa suna tambaya ɗaya: an hana ka saye? A ce mace ta shiga kanti, mai gadi ya bi ta layi-layi, an buɗe jakarta a gaban jama'a, an juya kuɗinta a fitila sau uku, an sallami mutum biyu da suka zo bayanta, daga ƙarshe aka miƙo mata takalmin da canjinta. A wajen waɗannan kotuna ciniki ya ƙullu, kuma sau da yawa a nan ake korar ƙarar.